Atisayen Sanyin Baba a Ɗakin Ayaba

Minti arba'in fa nake gaya muku! Minti arba'in Baba yana zaune a ɗakin sanyin ayaba, daga shi sai singileti da gajeren wando, ya ɗora ƙafa ɗaya kan ɗaya a bisa kwali, Mama kuma tana waje tana dukan ƙofa da ludayi.

"Baban Pina, ka fito! Motar kaya ta iso, direba yana jira."

"Ya jira. Atisaye nake."

Ana cikin haka sai ga Kawu Gurmit, maƙwabcinmu da gonarsa ke manne da tamu. Tun suna 'yan firamare suke musu da Baba, yanzu kuma musun ya koma kan ayabar wa ta fi tsawo. Ya tura ƙofa ya leƙa, ya dubi ma'aunin da ke bango, ya dubi Baba.

"Alfio, digiri sha uku ne fa. Ayaba ma ba ta ƙorafi a nan."

"Ayaba ba za ta Aisilan ba."

"Kai ma ba za ka ba. Leɓenka ya fara shuɗi."

"Haka leɓena yake. Gado ne."

Bari in ɗan koma baya kaɗan don ku gane. Mama tana da wani hoto da ta yanko daga kalanda tun tana budurwa. Jan gida ne ƙarami a ƙasar Aisilan, dusar ƙanƙara ta rufe shi har taga, sama kuma wani koren haske yana ta lanƙwasa kamar an shanya gyale. Yana nan manne a firjinmu, duk ya koɗe. Mama a nan garinmu Innisfail aka haife ta, ba ta taɓa wuce Brisbane ba, ƙanƙarar da ta sani ita ce ta cikin lemo. Ranar aurensu Baba ya hau kujera gaban jama'a ya daki ƙirji ya ce shi, Alfio Musumeci, sai ya kai Concetta gaban jan gidan nan ta taɓa dusar da hannunta.

Bana shekara talatin. Wata shekara guguwa ta kwantar da gona, wata shekara cuta ta kama ganye, wata shekara kuma ƙafarsa ce. To ranar sabuwar shekara Mama ta ajiye masa farantin taliya ta ce, "Bana zan ga dusar nan. Ko da kai, ko da Yaya Nella." Inna Nella kuwa, yayar Mama, ita ce ta ce a wurin bikin nan, da ƙarfi kowa ya ji, wai mutumin nan ko Cairns da ke nan kusa da mu ba zai kai ta ba. Shekara talatin Baba yana haɗiye maganar nan ba ta wuce ba.

Shi ne fa ya tashi haiƙan. Aka ce ya je wurin masu shirya wa mutane tafiya, ya ce shi ba yaro ba ne. Da yatsa ɗaya ya sayi tikiti a waya, gilashi a kan hanci, ya zaɓi goma ga Yuli.

"Me ya sa Yuli?" in ji Kawu Gurmit.

"Tsakiyar sanyi mana! Watan da ni kaina nake saka safa. In nan muna fito da bargo, can ai sai dai a haƙo mutum da shebur."

Kawu Gurmit ya buɗe baki, ya rufe, ya shafa gemu, ya ce, "Haka ne." Da na san abin da "haka ne" ɗin nan ke nufi, da tun ranar na bi shi gida.

To a ranar ɗakin sanyin nan, da Baba ya fito yana tafiya kamar an ɗaure masa gwiwoyi da waya, sai ɗaya daga cikin 'yan aikin rumfar da muke shirya ayaba ta ajiye wuƙarta. Kun san masu yawon duniyar nan da jaka a baya, da ke zuwa mana aikin wata uku don a ƙara musu biza. Baba ba ya riƙe sunan kowa a cikinsu. Duk mai farin gashi Jamus ne a wurinsa. Mun yi Jamus ɗan Faransa, mun yi Jamus 'yar Kanada. Wannan wata doguwa ce marar magana, kullum fuskarta ja kamar tumatir.

"Maigida," ta ce, "maganar Yulin nan..."

"Jamus, ayaba tana jiranki."

"Amma a Yuli..."

"Na sani, na sani, akwai sanyi. Shi ya sa kika ga ina shiri. Ba a fafe gora ranar tafiya."

Kar ku ga laifin Baba shi kaɗai. Ni ma Jamus nake ce mata. Ina kan tarakta yini guda, ina na ga lokacin hira?

Sati na biyu Baba ya ce ya gama da ɗakin ayaba, jikinsa ya saba, yana son na manya. Sai firizar Nev mahauci. Kuma bai zaɓi kowace rana ba sai Asabar da safe, lokacin da rabin gari ke layin sayen nama, don shi atisaye ba 'yan kallo ɓata lokaci ne. Ya ce minti talatin. Kawu Gurmit ya riƙe agogo. Nev ya nuna masa maɓallin da ake dannawa daga ciki in an ji jiki, Baba ya ce a ba yara.

Abu ɗaya aka manta, ba wanda ya gaya wa Shirl matar Nev. Tana can baya tana niƙa nama. Minti na tara wata tsohuwa ta ce cinyar rago take so, Shirl ta bi ta ƙofar baya ta buɗe firiza. Sai ta ga wani abu mai gashi a tsugune tsakanin sanƙararrun shanu, gashin baki fari fat, haƙora suna kaɗawa kamar keken ɗinki, ya miƙo mata hannu.

Ihun da ta yi, Allah kuwa har gidan mai an ji. Kuma Shirl ba mai gudu ba ce. Cinyar ragon da ke kusa ta fizga, daskararriya kamar taɓarya, ta sauke masa a kafaɗa.

Baba ya fito da rarrafe har tsakiyar shago. Mutane suka dare. Ya kama teburi ya miƙe, ya gyara singileti.

"Ya sanyin, jarumi?" in ji Kawu Gurmit.

"Wa... wa... wane sanyi? Is... iska ce kawai."

"Minti tara."

"Agogonka ne ya daskare."

"Agogona a waje yake, Alfio."

Tsohuwar nan kuwa ta ce ita dai a canza mata cinya, ba ta son wadda aka daki mutum da ita.

Kun ɗauka zai huta? Ina! Ya ce yanzu saura tuƙi, don shi zai ja motar haya a can, kuma titi santsi ne da shi. Ina za a samu ƙanƙarar shimfiɗawa a garin da ko da asuba gumi ake? Baba ya yi tunani kwana biyu, ya ce ai santsi santsi ne. Ya sa aka kwaso ayabar da aka tsince, wadda kasuwa ba ta karɓa, tirela biyu cur, aka zube a gangaren simintin da ke gefen rumfa. Ya bar ta kwana uku ta yi laushi. Ya bi ta da tiyo.

"Concetta, zo ki shiga gaba, ki saba."

"Ni ganin dusa na ce ina so, ban ce ina son ganin Mahaliccina ba."

Ya shiga akori-kurarsa shi kaɗai, ya leƙo ta taga yana koya mana. Wai sirrin shi ne kar ka taɓa birki. Ya saki mota. Taku uku ba ta yi ba ya taka birki da ƙafa biyu. Motar ta juya ta dube mu, ta sake juyawa ta ba mu baya, ta sake dubanmu, duk a hankali kamar mai rawar biki, Baba a ciki yana murza sitiyari ko'ina. Ta wuce gangare, ta ɗauki shingen waya, ta tafi da shi, ta zauna daram a cikin magudanar ruwan gonar Kawu Gurmit.

Kawu Gurmit yana tsaye a bakin magudanar da kofin shayinsa. Ko gezau bai yi ba. Ya sunkuya ya ƙwanƙwasa gilashi.

"Sannu da zuwa Aisilan. Fasfo?"

Ni na jawo shi da tarakta. Gangaren kuwa sati guda ƙuda da jemagu suna walima a kai.

Na kifi ne ya fi muni. Baba ya ji an ce mutanen can suna binne wani ƙaton kifin teku a ƙasa har ya ruɓe, sannan su tono su ci. Ya ce ba zai je ƙasar mutane a miƙo masa abinci ya yamutsa fuska ba. Ya samo kifi wurin wani abokinsa mai jirgin ruwa, ya binne a bayan rumfa. A watan Afrilu. A garinmu.

Kwana huɗu karnukan layinmu suka fara taro. Kwana shida guza biyu suka zo suka kori karnukan. Kwana takwas direban motar makaranta ya daina tsayawa a ƙofarmu, ya ce yara su taka zuwa kwana. Anti Jasbir, matar Kawu Gurmit, ta aiko a tambaya ko wani ya rasu ne ba a sanar ba.

Ranar tono, Baba ya ɗaura tawul a hanci, ya yanko wata 'yar loma. Doguwar yarinyar nan ta zo wucewa da kwali, ta tsaya, idonta ya yi jajir don wari.

"Maigida, ba haka ake yi ba. Kar ka ci."

"Jamus, me kika sani a kifi? Ku da ba ku da teku sai a hoto."

Ya jefa a baki. Ya tauna sau biyu yana kallonmu, ya ɗaga babban yatsa. Ba mu sake ganinsa ba sai ranar Alhamis. Muryarsa dai muna ji ta bayan ƙofar banɗaki, yana cewa jiki ne ke sabawa.

A haka aka kai ƙarshen Yuni, Baba ya ce sai an yi walimar bankwana. Ranar Lahadi bayan coci, a kulob ɗin manoma. Ya gayyaci kowa, har Inna Nella, ita ma musamman, ya sa aka ba ta kujerar gaba. Aka yi taliya, aka gasa nama, Anti Jasbir ta kawo samosa tire uku. 'Yan aikin rumfa ma suka zo, don su in dai abinci ne ba sa jiran katin gayyata.

Ana tsakiyar ci sai ga Baba ya fito daga ɗakin ajiye kujeru cikin kayan tafiya. Riga uku, ƙatuwar rigar sanyi mai kumburi a sama, wando mai auduga, takalmi kamar na mai shiga wata, hula mai gashi da kunnuwa. Rana tana dukan kwano, fankoki suna ta juya iska mai ɗumi. Kafin ya kai kan dandamali gumi ya fara ɗiga daga kunnuwan hular.

"Jama'a," ya ce, "akwai masu cewa ko Cairns ba zan kai matata ba." Ya tsaya ya dubi Inna Nella. Ita kuwa samosarta take ci. "To ran goma ga Yuli, ni da Concetta muna tsakiyar dusar ƙanƙara har ƙugu. Can yanzu rana ba ta fi awa huɗu a sama ba. Duhu, sanyi, sai koren hasken nan. In ka tofar da yawu, dutse ne ke faɗuwa ƙasa. Wanda bai shirya ba, gawarsa ake kawowa. Ni kuwa na shirya."

Aka tafa. Sai na ga hannu a sama can baya.

"Jamus, ana jawabi."

"Alfio," in ji Mama. Ba Baban Pina ba, Alfio. "Bar ta ta yi magana."

Yarinyar ta miƙe, fuskarta ta ƙara ja.

"Ni ba Bajamushiya ba ce. Sunana Ragna. Daga Aisilan nake. A can aka haife ni."

Wani ya saki cokali.

"Kuma Yuli a wurinmu lokacin zafi ne. Babu dusa. Ciyawa ce kore shar da tumaki. Rana ma ba ta faɗuwa sosai, balle a yi duhun da za a ga hasken nan." Ta ɗaga wayarta. "Ga ƙanena bara a Yuli."

Wayar ta bi hannu hannu har dandamali. Wani yaro ne a kan ciyawa, da gajeren wando, yana shan askirim.

"Ƙarya ne," in ji Baba. "Yuli fa! Ko'ina Yuli Yuli ne."

"Alfio," in ji Inna Nella, ta goge baki a hankali, "kakarka ba ta sha gaya mana a ƙauyensu na Sisili cikin dusa ake Kirsimeti ba?"

"Na ɗauka rikicin tsufa ne!"

Kawu Gurmit ya ɗaga hannu kamar ɗan makaranta. "'Yata, zafin naku digiri nawa yake kaiwa?"

"Sha biyu, sha uku."

"Sha uku!" Ya juya ya dubi jama'a. "Ɗakin ayaba! Mutumin nan zai ƙetare duniya ya je ɗakin ayaba!"

Kai, ban taɓa jin dariya irin ta ranar ba. Nev ya kwanta a kan teburi. Shirl tana share hawaye tana cewa ashe a banza ta ɓata cinyar rago. Baba yana tsaye, gumi ya taru a takalminsa, ya nuna Kawu Gurmit da safar hannu.

"Kai ka sani?"

"Tun ranar farko. Ina da 'yan'uwa a Punjab, muna waya, su ma a can Yuli zafi ne."

"Shi ne ba ka faɗa ba?"

"In faɗa in rasa kallo? Ka san yaushe rabon da a yi abin dariya a layinmu?"

Ni dai na nutse a kujera, don na tuna an taɓa koya mana abin nan na bambancin lokacin zafi da sanyi a duniya a makaranta da lemo da tocila, ina can ina zana doki a bayan littafi.

Sai Baba ya cire hula. Gashinsa ya manne kamar ɗan maraƙin da aka haifa yanzu. Ya dubi Mama, kuma a karon farko tun Janairu muryarsa ta yi ƙasa.

"Concetta, to yaushe ne dusar?"

"Janairu," in ji Ragna.

Dariya ta tsaya cak. Kowa a ɗakin nan manomi ne. Janairu damina ce, lokacin guguwa. Baba bai taɓa kwana a wajen gona a Janairu ba tun da aka haife ni, ko bikin ƙanensa bai je ba. Zama yake gaban rediyo da igiya a hannu yana jiran labarin iska.

Mama ta buɗe jakarta ta fito da takarda ta shimfiɗa a kan teburi.

"Na riga na je Cairns na canza tikitin. Sha biyu ga Janairu. Mahaifiyar Ragna za ta sauke mu, kuma ta ce akwai jan gida a bayan nasu."

"Yaushe kika sani?"

"Tun Maris. Ranar da ta fara aiki na kai musu shayi na tambaye ta sunanta da garinsu. Matambayi ba ya ɓata."

"Tun Maris? Kina kallo na shiga firiza? Kina kallo na ci kifin nan?"

"Shekara talatin nake jira, Alfio. Na ce kai ma ka ɗan ji sanyi." Ta ninke takardar. "Kujera biyu ce. Tawa tawa ce. Ɗayar, zuwa Juma'a a gaya mini ko kai ne ko Yaya."

Inna Nella ta ce ita jakarta a shirye take tun bara.

Talata Baba ya zagaya gona a ƙasa, layi layi, yana taɓa ayaba kamar mai gaisuwar mutuwa. Laraba da safe ya shigo rumfa, ya tsaya bayan yarinyar nan yana murza hula, ya yi gyaran murya har sau uku.

"Rag... Ragna. Haka ake faɗa?"

"Haka ne, maigida."

"A Janairun nan, wace irin safa ake sakawa?"

Daga nan ya zo wurin tarakta ya kashe mini inji. Ya ciro makullan gona gaba ɗaya, na rumfa, na famfo, na ɗakin sanyi, har da 'yar rediyonsa, ya zuba mini a cinya.

"Sati uku ne kawai, Pina. In iska ta taso, kin dai ga yadda nake yi."

"Baba, zama kake yi kana zagin rediyo."

"To haka za ki yi."

Kafin azahar na jiyo shi a bakin shinge yana gaya wa Kawu Gurmit wai shi dama ya san Yuli zafi ne, gwada mutanen garin nan yake ya ga wa zai yi gaskiya. Kuma wai Nev ya yarda ya koma firiza, wannan karon da sanin Shirl.

Mama kuwa ta cire hoton nan daga firji ta saka a cikin fasfo ɗinta.

Shi ke nan, su za su ga dusa, Inna Nella ta kwance jaka, ni kuma an bar ni da eka tamanin na ayaba a tsakiyar damina, da rediyo, da maƙwabcin da ya fi son kallo a kan taimako. To don Allah ku gaya mini, in guguwa ta taso ranar sha uku ga Janairu, in kira Baba a waya ne, ko in bar Mama ta gama taɓa dusarta tukuna?